Borghild, Mai Wanke Tsofaffin Bindigoginmu

Kowace safiya, kafin baburan ƙanƙara su fara ruri a Longyearbyen, wani gari a kan tsibiri can ƙuryar arewacin duniya, Borghild Eidissen takan tuɓe takalmanta a ƙofar shagon hayar kayan daji, ta ɗora kofi, ta shimfiɗa tsohon bargo a kan tebur. Sai ta ɗauko bindigogin da aka dawo da su jiya. Duk tsofaffin bindigogin soja ne, sun girme ta nesa ba kusa ba, wasu har yanzu da tambarin rundunar da ta daɗe da watsewa. A nan ba mai fita bayan gari sai da ɗaya a kafaɗa, domin farin beyar, ƙaton naman dajin ƙanƙara mai kashe mutane, ba ya sallama.

Ko da wanda ya dawo da bindiga ya rantse babu harsashi a ciki, sai ta duba da idonta. Ta zare sakatar, ta warware ta, ta jera allurar da ke bugun harsashi da sifirin ɗin da ke tura ta a kan bargon. Ta yi ta zura tsumma a bututun har ya fito fari, ta ɗaga ta leƙa a hasken fitila, tana neman tsatsar da iskar teku ke shukawa. In ta mayar da komai, sai ta kara bindigar a kunne, ta ja sakatar a hankali tana saurare. Sama da shekara talatin ke nan tana haka. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, ta koma wurin ƙanwarta kusa da garin Harstad, inda babu farin beyar.

Sindre Vollan, mai yi wa baƙi jagora, ba ya gajiya da ba da labarinta. Wata rana cikin tsananin sanyi ya shigo sayen harsashi a gurguje, tasa bindigar a rataye, baƙinsa na jira a waje.

"Miƙo ta nan," in ji Borghild.

"Ai jiya na gyara ta. Dubi yadda take sheƙi."

"Na gani. Ka tsiyaya mata mai kamar za ka soya kifi. Sanyi na kama man nan zai daskare, allurar ta ƙi motsi. Sai dai ka jefi beyar da ita."

"Borghild, mutane na jirana."

"Su shigo. Akwai kofi. Ba daɗi, amma da zafi."

Yana tsaye yana cika yana batsewa ta kwance sakatar, ta goge ta ƙarƙaf, ta mayar. Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, wani ramammen beyar ya ɓullo tsakanin baƙin da bukkar da suka sauka. Sindre ya harba wutar tsoratarwa, dabbar ta ci gaba da tahowa. Yatsunsa sun sandare, wata baƙuwa ta riƙe masa riga ta baya. Ya ɗaga bindigar sama ya ja kunama, ta tashi. Ya sake, ta sake tashi. Beyar ya tsaya, ya shinshina iska, ya juya ya nufi bakin teku.

Da ya dawo yana ba ta labari, sai ta katse shi.

"Beyar ɗin fa?"

"Ya tafi da ƙafafunsa."

"Madalla. To kawo ta, tunda ka harba ta sai an wanke."

Ke ce wannan, Borghild, gagara tsatsa. Ba ki taɓa harbin komai ba sai allon gwaji, amma akwai mutane a ƙasashe da dama da ke cin abinci da iyalinsu yau, ba su ko san sunanki ba.

Ba kuma za ki bar teburin ba kowa ba. Lokacin da aka rufe ramin kwal ɗin da Jarle Mjelde ke aiki, yana da shekara hamsin da 'yan kai, har ya fara ɗaure kaya zai bar tsibirin. Kika tare shi a kanti kika ce, "Hannuwanka kamar shebur, amma kana da haƙuri. Zo gobe." Makonsa na farko sifirin ya kufce masa ya yi tsalle ya shige ƙarƙashin kabad. Kika bar shi yana rarrafe, kina shan kofinki, har ya gano shi. Yau masu jagora na miƙa masa bindigoginsu hankali kwance, matarsa ta ci gaba da aikinta a makaranta, sun kwance kayan da suka ɗaure.

Duk wanda aka damƙa wa abin da ran wani zai rataya a kai, birkin mota ne, igiyar hawan dutse ce ko tukunyar abinci, ya dubi matar nan ya yi koyi. Ya duba da idonsa, ya tsayar da mai gaggawa ko da zai ji haushi, ya kuma koya wa wani kafin ya tashi.

Mun gode, Borghild. Allah Ya ba ki lafiya da tsawon rai. Ki je ki huta a ƙasar da za ki hau tudu da yamma ki tsinko 'ya'yan itace, ba komai a hannunki sai bokiti.