Hannun Da Na Gani A Kan Katanga

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ni malamar firamare ce a Katsina. Shekaruna ashirin da huɗu, ina zaune da mijina a wani ɗan gida mai ɗaki biyu a unguwar Kambarawa, ga jaririya 'yar kwana ashirin a hannu. Ni mace ce mai baki, ba zan ɓoye ba. In an faɗa mini ɗaya sai na mayar da goma, kuma a lokacin gani nake wannan shi ne wayewa. Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa kafin in iya rubuto muku wannan, don ban taɓa ba kowa labarin daga farko har ƙarshe ba.

Ni ce 'yar fari a gidanmu. Mahaifina, da muke kira Baffa, Bafulatani ne da ya zauna da shanunsa a wata ruga can bayan Batagarawa, mai kunya irin ta mutanen da. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In yana son ruwa sai ya tambayi Inna ko akwai wani a kusa, alhali ga ni tsaye a gabansa. Amma shi ne ya tsaya kai da fata na yi karatu, 'yan'uwansa suna ta surutu ya toshe kunne. Da na yi aure bai taɓa taka ƙofar gidana ba, ko ranar suna ma rago ya aiko. Da cikina ya tsufa Inna ta aiko in dawo gida in haihu in yi wankan jego kamar yadda aka saba, na ce Allah ya sawwaƙe, ni da ke kusa da asibiti me zai kai ni ruga a dafa ni da ruwan zafi?

Layinmu a lokacin rabinsa kangaye ne, magina da leburori suna ta aiki. Ɓarayin wajen ba sa jiran dare. Da hantsi suke shigowa, in maza sun tafi aiki. Sun ɗauke keken ɗinkin wata mata, ni kuma sun kwance mini awaki biyu ina cikin banɗaki. Tun daga ranar ko ƙadangare ya motsa a kan kwano sai gabana ya faɗi. Ana cikin haka aka tura maigidana kwas Kaduna na mako biyu, aka bar ni daga ni sai jaririya.

Maƙwabciyata nas ce 'yar kudancin Kaduna, katanga ɗaya ta raba mu, ta girme ni sosai har Anti nake ce mata. Ita ta zaunar da ni ta ce in na ji motsin da ban yarda da shi ba, in ɗauki yarinya in shige ɗaki in sa sakata, in leƙa ta taga in ga ko wane ne, in tambaya daga ciki, sannan in buga katangarmu da taɓarya sau uku, ita ko mijinta za su zagayo. Ta roƙe ni kada in yi ihun ɓarawo sai na gani da idona, ta ce ta sha ganin abin da wannan kalma take kawowa asibiti. Na yi dariya na ce Anti ke nan, ɓarawo zai tsaya ana yi masa tambayoyi kamar ɗan jarrabawa? Ni bakina ya ishe ni makami.

Ranar wata Litinin mai kawo mana ruwa ya ce ya ga wani dogon mutum, ya rufe fuska da rawani, yana kai da kawowa a bayan gidanmu, da ya ga ana kallonsa ya juya ya tafi. Na zagaya na ga sawun takalmin roba a gindin katanga. Kwana biyu abinci bai shiga cikina ba.

Ran Laraba da hantsi ina shanya kayan jaririya a tsakar gida sai na ji taku a bayan katanga, a hankali, a tsaya, a sake tafiya. Can na ji ana jan bulo. Ina ɗaga kai na ga hannu ya dafa saman katangar, baƙi, siriri, ga wani ƙunshi yana biye da shi. Taɓarya tana jingine kusa da ni, ko kallonta ban yi ba. Na buɗe maƙogwaro na kwarma ihun ɓarawo, na sake, na sake. Na ji ƙunshin ya faɗo cikin gida tim, na ji gudun mutane daga kangaye, ni kuma na suri yarinya na faɗa ɗaki na sa sakata. Wato shawarar Anti na bi, amma daga wutsiya.

Daga ɗaki ina jin komai, ƙarar katako da shebur a jikin mutum. Abin da ya fi ci mini rai har gobe shi ne ban yi shiru ba. Ta taga nake ɗaga murya ina cewa su ba shi kashi, shi ne ya kwashe mini awaki, yau dubunsa ta cika. Wanda ake dukan ko wayyo bai ce ba, ni kuwa na ce taurin kai ne irin na ɓarayi.

Anti ce ta fito da gudu, ta ratsa su ta kwanta a kansa, da ƙyar ta raba. Da hayaniya ta lafa na fito tsakar gida, idona ya sauka a kan ƙunshin. Zanen Inna ne, shuɗi mai ƙonewar garwashi a gefe, na san shi kamar yunwar cikina. Na kwance. Sassaƙen itatuwa ne na mai jego an ɗaure su daban-daban, da kanwa, da 'yar ƙwarya ta man shanu ta fashe. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Na fita ba mayafi ba takalmi. Sandarsa na fara gani a ƙasa, sannan rawanin, sannan shi.

Daga baya Anti ta gaya mini abin da ta tarar. Wani dattijon magini ya tsayar da su yana tambayarsa me ya kawo shi. Ya ce shi ba ɓarawo ba ne, saƙo ya kawo. Aka ce saƙon wa, in ya san wani a gidan ya faɗi sunansa a kira shi. Sai ya sunkuyar da kai. Sau uku ana tambayarsa, sannan suka ci gaba da dukansa. Sunan 'yar fari ne a gidan da sunan suruki, kuma Baffa bai iya faɗin ko ɗaya ba, ko a ƙarƙashin shebur. Shi ne ya zo ran Litinin, ya rasa wanda zai aika ciki, ya kasa yin sallama a ƙofar 'yarsa, ya koma da kayansa. Ran Laraba ya ga gara ya sauke ta katanga ya tafi ba wanda ya gan shi.

Kwana tara ya yi a asibiti, haƙarƙari a karye, jini ya taru a ciki. Da 'yan sanda suka zo ya ce kada a kama kowa, tsautsayi ne. Na durƙusa a gefen gadonsa ina kuka ina cewa ni ce, muryata ce, ya yafe mini. Ya juya fuska ga bango. Can ya ce wa Inna ta gaya wa mai kukan nan a dafa sassaƙen da 'yar kanwa, a sha safe da yamma, yana kawo ruwan nono. Ya kuma tambaya ko baƙuwar tana shan mama. Iyakar abin da na samu ke nan. Washegari da azahar Allah ya karɓi abinsa.

Malamai sun gaya mini ajali ne, kuma ban yi da niyya ba. Na ji, na gode, amma ba ya shiga. Inna ba ta taɓa tayar da maganar ba har ta bi shi, ƙannena kuwa gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Mun bar Kambarawa mun koma Ƙofar Sauri, abin bai tsaya a tsohon gida ba. Na bar koyarwa, don duk lokacin da na ɗaga murya a aji wannan muryar nake ji. Ban sani ba ko juya fuskar da ya yi kunya ce ko fushi, kuma babu wanda ya rage da zan tambaya.

'Yan'uwana, tsoro ba laifi ba ne, ɓarayi kuma suna nan. In kun ji motsi a bayan gida ku tattara yara ku shige ɗaki ku kulle, kada ku fita neman wanda ba ku san abin da ya riƙo ba. Ku leƙa, ku tambaya daga ciki, ku kira maƙwabci, yanzu ma ga waya a hannun kowa. Amma kalmar nan kada ku sake ta sai kun ga fuska, domin magana zarar bunu ce, kuma masu amsa ta ba sa tambaya. Minti ɗaya a taga da ya ishe ni. 'Yata ta girma ta yi aure, tana yawan tambayata me ya kashe kakanta, ina ce mata tsautsayi. Sassaƙen yana nan cikin akwatina a zanen Inna, ban dafa ba, na kuma kasa zubarwa.