Sukarin Da Ba Naka Ba, Don Evaristo

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, 'yarka Nélida ta bugo mini waya daga Bahía Blanca, ta ce ka cika da hantsi kana zaune a kujerarka ta bakin taga, kana da shekara saba'in da takwas. Na yi kuka, Don Evaristo Ledesma, ba zan ɓoye ba. Amma kafin la'asar sai ga ni ina dariya ni kaɗai, don duk abin da na tuna game da kai da dariya a cikinsa.

Shekara guda muka yi tare a tasharmu ta Antaktika, mu goma sha huɗu, kai mai duba yanayi, ni Anselmo bakanike mai kula da janareta. Duk bayan awa uku sai ka fita zuwa farin akwatin da ma'aunan zafi ke ciki, ko da iska tana ɗaukar ganga. Ka dawo gemu a daskare, ka rubuta lambobin da fensir a babban littafi. Kullum kana cewa littafin nan ba namu ba ne, na jikokinmu ne. Dokar tasha kuwa, duk wanda ya buɗe akwatin ban da kai, jirgin ruwa na gaba zai mayar da shi gida.

Shan mate, shayin ganyen nan na ƙasarmu da ake zuƙa a ƙoƙo ɗaya ana miƙa wa juna, shi kaɗai ke haɗa mu faɗa. Kai da ɗacinsa kake zuƙa, ni sai na zuba sukari cokali biyu, kai kuwa ka ce abin shan jarirai ne.

Wata ranar Fabrairu ina gyaran waya kusa da akwatin, iska ta dame ni da kayar da filas. Sai na buɗe akwatin na ajiye filas ɗin a buɗe tare da ƙoƙon mate, na gama aikina na kwashe kayana. Ban san akwai ma'aunin da ba ya saukowa daga inda zafi ya kai shi ba. Da tsakar rana aka ga digiri goma sha bakwai, abin da tashar ba ta taɓa gani ba. Shugaban tasha ya sa a gasa nama don murna, mai oba-oba ya zauna zai aika labari Buenos Aires. Ni kuwa na gane aikin filas ɗina ne, amma ban fito na faɗa ba, don matata tana da cikin fari, kuma ba ni da wani aikin.

Ka koma wajen akwatin kai kaɗai, ka dawo ka tsaya gaban shugaba.

"Ranka ya daɗe, a dakata da saƙon nan. Zafin ba daga sama yake ba, daga filas yake. Ni na manta da mate ɗina a ciki."

Ya je ya duba da kansa, ya dawo da ƙwayoyin sukari a yatsa. "Ledesma, yaushe ka fara shan sukari?"

"Tsufa ne, ranka ya daɗe. A rufa mini asiri."

Aka ba ka takardar gargaɗi, ƙarin girmanka ya makara shekara biyu. Amma babban hukuncin shi ne wata tara da ka yi kana shan mate mai zaƙi a gaban jama'a don kada maganarka ta warware. Ka miƙo mini ƙoƙon kana kallon tsakiyar idona, ka ce, "Ƙara cokali ɗaya, ƙanena, ai ka san yadda nake so." Sau ɗaya na nemi in je in faɗi gaskiya, ka ce littafi ya riga ya sami tasa gaskiyar, saura kuma tsakanina da kai ne.

Ubangiji ya jiƙanka, ya yafe maka kurakuranka, ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini. Ya sa ka huta inda babu sanyi. Ke matarsa Doña Zulema, da ku 'ya'yansa Nélida da Fermín, Allah ya ba ku haƙuri, ya albarkaci abin da ya bari. Shekara talatin ana yi wa maigidanku tsiya da Mai Sukari, bai taɓa musawa ba. Ku gaya wa jikokinsa cewa sukarin nawa ne.