Itacen Tuffa a Gilashin Valent

Imbro mutum ne da ko gaishe shi ka yi sai ya tsaya ya auna abin da kake nema a wurinsa. A ƙauyenmu na bakin kogin Drava ba wanda bai san halinsa ba. Yakan ƙirga agwaginsa da safe, ya sake ƙirgawa in maƙwabci ya gifta. In ya kai masara injin niƙa, a kan buhunsa yake zama har a zo kansa. Ba mugu ba ne, kada a ɗauki alhakinsa, bai taɓa cin ƙwayar hatsin wani ba. Shi dai ya sa wa ransa cewa kowa ya kwana yana shirya masa wani abu.

Abu ɗaya yake so da zuciya ɗaya: itacen tuffa da mahaifinsu ya dasa a bakin lambatun da ya raba gonar gidansu biyu. In ka tsaya a kan hanya kana fuskantar hasumiyar coci, lambatun ya miƙe ɗoɗar a gabanka, hagu gonar Imbro, dama ta ƙanensa Valent. Itacen yana hagu, taku uku daga lambatu, kuma tsohon ya faɗa a gaban shaidu cewa na Imbro ne. Kowace shekara kafin sanyi ya shigo, Imbro yakan durƙusa ya naɗe gindinsa da karan alkama don kada zomaye su ɓare shi. Matarsa Treza takan ce ko ita bai taɓa lulluɓe ta haka ba.

Shi Valent mutum ne mai sanyin hali. Sanyin ƙashi ya kama masa ƙafafu tun bai cika hamsin ba, gona ta gagare shi, surukinsa ya karɓi noman. Zaman ɗaki ya ishe shi, sai ya kama yin zane da fenti a kan gilashi, kamar yadda wasu manoma ke yi a ƙauyukan kusa. A lokacin shekararsu tara ba sa ga maciji da yayansa, a kan wata garma da Valent ya ara ya dawo da ita da tsaga. Valent ya ce da tsagarta ya karɓa. Imbro ya ce to shi ne maƙaryacin ke nan, ya ja ƙofarsa.

Shekarun nan ne 'yan birni da Jamusawa suka fara zuwa da motoci suna sayen zanen gilashi. Aka shirya baje kolin na Valent a zauren 'yan kwana-kwana, shi kansa mai zanen yana gida don ƙafa. Imbro ya je, a cewarsa don ya ga wawayen da ke sayen gilashin taga da aka ɓata. Yana shiga ya tsaya cak. Zane bakwai, biyar daga ciki wuri ɗaya ne: gonaki biyu ƙarƙashin dusar ƙanƙara, lambatu a tsakiya, coci can nesa, itacen tuffa da mutum a gindinsa. Itacen kuwa yana dama. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tsiyayar gumi cikin sanyin nan. Duk biyar ɗin, dama.

Kamar haɗin baki, wani mai gemu daga birnin Zagreb yana tsaye yana wa baƙi bayani. Wai itacen gado ne, wai jijiyoyinsa kakanni ne, wai mutumin da ke gindinsa mai zanen ne da kansa yana gadin abin da yake nasa. Surutu ne kawai na wanda bai taɓa riƙe fartanya ba, amma Imbro ya kwashe shi kaf ya tafi da shi gida.

A nan laifinmu ya shigo, ba zan ɓoye ba. Da yawanmu mun san yadda aikin gilashi yake, amma wa zai bar irin wannan nishaɗin? In Imbro ya shigo shagon giya, sai Bolto maƙeri ya tambaye shi ko yau itacensa ya kwana a inda ya bar shi. Wani ya ce an buga zanen a kalanda, yanzu har alƙalai na da shi a bango. Mu muna dariya, shi yana haɗiyewa.

Sai ga sanarwa cewa 'yan safiyo za su zo da bazara su sake auna gonaki. Shi ke nan, Imbro ya gama haɗa zancensa. Shekara da shekaru ƙanensa na zaune lum kamar mutumin kirki, ashe shaida yake tarawa. In aka yarda itacen nasa ne, taku ukun nan sun tafi, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Ya daina cin tuwon masararsa. Treza ta ce masa gidan Valent ba a bayan kogi yake ba, ya je ya tambaye shi mana. Ya dube ta ya ce yaushe ita ma aka saye ta.

Ranar wata Alhamis da safe, ƙanƙara ta fara narkewa, ya ɗauki gatari da zarto. Ya kwance karan da ya naɗa da hannunsa, ya ajiye gefe a hankali. In babu itace, babu abin da za a yi jayayya a kai, lambatu kuwa ba ya tashi. Yana sara yana kuka, Treza ta gani daga nesa. Kafin a kaɗa ƙararrawar coci ta tsakar rana itacen yana ƙasa.

Bai koma gida ba. Da zafinsa ya wuce gidan Valent don ya gaya masa ya zana kututture in ya iya. Cila, matar Valent, ta buɗe ƙofa, ta ja baya. Valent na zaune a bakin taga, bargo a ƙafafunsa, gilashi kwance a kan tebur, siririn burushi a hannu. Ya ɗago, fuskarsa ta washe kamar ta yaro.

“Yaya? Kai ne? Cila, ba shi kujera.”

Imbro bai zauna ba, idonsa na kan tebur. Wurin nan ne dai, an fara shi ba a gama ba: lambatu, itace, mutum. Amma itacen yana hagu.

“Ka ji 'yan safiyo na tafe, shi ne kake mayar da shi wurinsa?”

Valent bai gane ba. Sai da Imbro ya zazzage masa duka, zane biyar da mai gemu da kalanda, sannan Valent ya saki baki. Ya kama gilashin ta gefe da yatsu, ya ɗaga shi, ya juya wa yayansa ɗaya fuskar. Itacen ya koma dama. Ya sake juyawa, ya dawo hagu. Ya ce ta baya ake shafa fentin, ta gaba ake kallo, shi yadda gonar take a idonsa yake zana ta, bai taɓa kawo wa ransa wani zai damu ba.

“Mutumin fa?” in ji Imbro.

“Kai ne mana. Wa ke naɗa masa kara in ba kai ba? A gilashi abin da ka fara sawa shi ke fitowa gaba, kuma ba ya gyaruwa. Da kai nake farawa, tun hannuna bai gaji ba.”

Cila na kallon garin katakon da ke hannun rigar Imbro. Valent bai lura ba, murna ta cika shi, sai zuba yake. Ya ce shekara shida rabonsa da itacen, da ka yake zana shi, har ya fara mance ta inda reshen ƙasa ya lanƙwasa.

“Yaya, ka ɗauke ni a keken dokinka ranar Lahadi. Daga hanya ma ya isa, in dai na gan shi.”

Imbro ya murɗa hularsa a hannu. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne hanya duk taɓo ce yanzu.

Valent ya ce ba komai, zai jira ta bushe.