Wuyan Halidu Ladan

Halidu manomin hatsi ne a wani ƙauye kusa da Garhanga, kuma shi ne ladanin garin tun yana saurayi. Bai da shanu, bai da garka, muryar nan ce duk arzikinsa, kuma ya san da haka, har ya so ya yi yawa.

Da wani ƙullu ya fito masa a tsakiyar wuya, sai ya kai wa Tanimu wanzami, kamar yadda kowa ke yi. Tanimu ya latsa, ya yi masa sakiya, abin ya ƙi lafawa. Maimakon ya ce ya kasa, sai ya bi dattawa yana raɗa musu wai ciwon daji ne, Halidu ba zai ga kaka ba. Kafin Juma'a an miƙa lasifikar masallaci ga ƙanen Tanimu. Wannan abu ya ci wa Halidu rai fiye da ƙunar ƙarfen, ni ma har yau ina jin haushinsa.

A asibitin Madawa aka yi masa eko, hoton da ke nuna cikin jiki. Lokotoro ya shafa masa wani mai mai sanyi, ya juyo da allon na'urar ya nuna masa. Daji, in ji shi, tsoka ce toka-toka mai jijiyoyin jini, maƙoƙo kuma can ƙasa yake zama. Nasa baƙi ne wuluk, zagayayye, jakar ruwa ce da aka haife shi da ita. Ya sa shi ya fito da harshe, ƙullun ya yi sama. Aka cire, murya ba ta ko girgiza ba.

Ya dawo, dattawa suka yi ta sunkuyar da kai, amma lasifika ba ta dawo ba. Wai ba a karɓe abin da aka riga aka bayar.

Tun daga nan Halidu ya kafa zama ranar kasuwa daura da tabarmar Tanimu. Duk mai kumburin wuya ya tare shi, ya nuna tabonsa, ya tura shi Madawa. Tabarma ta fara yin sanyi.

Bara Husaina, matar Tanimu, ta sulalo gidansa ta bayan danga, gyale naɗe a wuya ya rufe wani kumburi, tana roƙon ya raka ta tasha a ɓoye ta tafi Madawa. Halidu ya sa babbar rigarsa ta salla, ya gyara hula.

“Ni raka ki, Husaina,” in ji shi. “Amma ta gaban tabarmar mijinki za mu tahi, shi gani da idonai.”