Giwan Ruwa a Ɗakin Hajiya

Ni direba ne, kuma direban ma'aikata ba abin da ba ya ji, don manya in sun shiga mota ɗauka suke kujera ce ke tuƙi. Shekarun da nay yi ina jan motar wata babbar ma'aikata a Birnin Kebbi na ga shugabanni iri-iri, amma ban ga wadda anka girmama kamar Hajiya ba.

Hajiya kwamfuta ce. Ba irin wagga da samari ke ratayawa a jaka ba, uwar kwamfutoci ce, ta fi ni tsawo, faɗinta kamar rumbun mai hali. Ranar da tirela tak kawo ta sai da anka fasa bango kafin ta shiga. Mu munka raɗa mata sunan, don ba ta fita, ba ta gaida kowa, kuma kowa ita shike wa bauta.

Duk ofisoshin reshe, Argungu da sauran garuruwa, kowane tebur an aza mai allo da abin dannawa, amma ƙoƙon kai ne ba ƙwaƙwalwa. Tunani duka na wurin Hajiya. Sunayen ma'aikata, hutu, ƙarin girma, kayan sito, duk suna cikinta. In ta yi atishawa a Birnin Kebbi, mura ta kama Argungu.

Waɗanda sunka zo sunka girka ta sun bar doka: ba abinci a ɗakin, ba ruwa, ba takalmi, ƙofa rufe, sanyi kullum. In ta ji zafi kashe kanta take. Anka ba ta iyakwandishan nata, janareta nata. Mu ɗiyan Adam kuwa fanka ce a ofis mai juyawa kamar an yi mata dole. Kuma kun san bazarar Birnin Kebbi, lokacin da kaza ke saka dafaffen ƙwai, ƙadangare na tafiya da sanɗa don kada ƙasa ta ƙone shi.

Mabuɗin ɗakin na hannun Injiniya, wani saurayi ɗan Ambursa da yag gama karatu nan garin. Kullum kan babur shike zuwa, ƙafar wando da laka ta fadama. Aikin nan shi ne abin alfaharin gidansu, tsohuwarshi har a wurin sussuka faɗi take ɗanta ne ke riƙe da kan gwamnati. Da farko ya riƙe doka tamau. Na taɓa roƙo nai in sa kaina kawai, jikina na waje, yac ce, "Direba, ko inuwarka ba ta shiga."

Matsalarshi guda: shina neman ɗiyar Darakta, shugaban sashenmu, har an kai gaisuwa. Nan garin kuwa suruki ba a kallon idonshi, ba a kiran sunanshi, balle a ce mai a'a. In Darakta ya biyo baranda, sai ka ga Injiniya ya sulale ya durƙusa kamar an zare mai ƙashi.

Wata rana bayan azahar Darakta yat tsaya bakin ƙofa da ƙwaryar fura a hannu, gumi na zuba har cikin aljihu.

"Ɗana, wagga ƙwarya dai. Ta ɗan huta nan lungu zuwa la'asar."

Injiniya na durƙushe, idonshi a ƙasa. "To, Baba."

Shi ke nan, gulbi ya ci gari. Wanda yab bar ƙwaryar Darakta da wane baki za shi hana kular mataimakin Darakta? Daga fura sai zoɓo, daga zoɓo sai nono, sai maganin ciwon suga na mai sito, sai kankana. Kafin azumi ɗakin Hajiya ya fi kasuwar Nasarawa kaya. Da azumi yaz zo kuma, manya sunka gano cewa akwai bincike mai muhimmanci da ya kamata a yi a ɗakin kullum tsakanin azahar da la'asar, kan darduma, ido rufe. Minsharin mataimakin Darakta har gasa shike da ƙugin injin. Takalmi dai ba wanda yat taɓa shiga da shi, gaskiya, doka doka ce.

Da biki yam matso, Darakta yak kira ni.

"Direba, ka tafi Argungu, akwai wani masunci da ke jirana da saƙo. Na walimar ɗiyata ne. Ka yi a hankali da shi."

Saƙon giwan ruwa ne. Wallahi da anka sa shi bayan mota sai da gaban motar yad ɗaga, na dawo Birnin Kebbi ina kallon sama. Masuntan sun naɗe shi a buhu da ƙanƙara, sunka ce a ajiye shi wuri mai sanyi, a lulluɓe da bargo don kada sanyin ya gudu. Ba firij ɗin da za shi ɗauke shi a garin nan. To, ina kuke zato anka kai shi?

Injiniya ya ga muna jan buhu, bakinshi ya buɗe ya rufe.

"Baba, ruwan ƙanƙarar..."

"Ɗana, kifin auren wa ne?"

"To, Baba."

Darakta da kanshi yab bi ɗakin shina lalube da tafin hannu, har yas samu inda iska mai sanyi ta fi ƙarfi, daidai hancin Hajiya, wurin da take shaƙar iska. Nan yas sa munka jingina kifin. Yak kawo barguna daga gida, yal lulluɓe kifi, da yag ga bargo ya yi saura sai yaj ja shi ya rufa wa Hajiya kafaɗa, yac ce ai su raba sanyin tsakaninsu. Yak kulle, yas sa mabuɗi aljihu, wai kada masu fura su buɗe sanyi ya fita. Injiniya na tsaye hannu a ƙirji.

Hajiya ta yi haƙuri har la'asar. Daga nan taf fara kuka kamar ɗan tsako, fitilunta sunka koma ja, sannan tay yi shiru. A take duk alluna sunka mutu, nan da Argungu da ko'ina. Shugaban reshen Argungu yab bugo waya shina ihu, wai mutane sun cika mai ofis, shi kuma ga allo baƙi ƙirin gabanshi kamar gindin tukunya. Kafin a gano Darakta a wurin tela a karɓo mabuɗi, ruwan ƙanƙara da ƙarni sun bi ƙarƙashin Hajiya. Sai da anka kira masu girkawa daga nesa. Babbansu ya shiga, ya shaƙa, ya fito, yat tambaya ko an taɓa yi mata wanka a gulbi.

Anka kafa kwamitin bincike. Shugaban kwamiti: Darakta. Mambobi: mai nono, mai zoɓo, mai minshari. Ni anka kira shaida, nac ce ni dai direba ne, hanya kawai nike kallo.

Sannan anka kira Injiniya. Babban sakatare, shugaban ma'aikatar duka, da kanshi yaz zauna, yac ce, "Samari, magana guda. Wa yas sa kifi a ɗakin? Ka faɗi suna ka koma bakin aikinka. Ka ƙi, mabuɗi ya bar hannunka."

Darakta na jan tasbaha, shina kallon fanka. Injiniya ya dubi ƙasa, ya dubi takalmin Darakta, ya koma ƙasa. Suna ne da ko a mafarki bakinshi bai iya furtawa.

"Ranka ya daɗe, mabuɗi dai a wurina anka sani."

Darakta yag girgiza kai cike da baƙin ciki. "Yaran yanzu. Amma a tausaya mai, ranka ya daɗe, mai sabon aure ne."

Tausayin da anka yi mai shi ne canjin wurin aiki zuwa Argungu, gaban allon da ba ƙwaƙwalwa. Kifin kuwa, kwamiti bai samu duba shi a matsayin shaida ba, don tuni an cinye shi a walima, kuma kowane mamba ya yi ƙari. Na ci nawa, ba ƙarya, sanyin Hajiya ya riƙe shi da kyau.

Ni nak kai su Argungu, shi da amarya da kaya. Mun kusa shiga gari nac ce, "Injiniya, yanzu ga ka ga gulbi, kifi sai ka ture." Bai yi dariya ba. Amarya ce tay yi.

Babban sakatare yac ce wannan karon baƙo za a kawo, wanda bai da kowa a garin nan, bai jin kunyar kowa. Anka kawo wani dogo daga can kudu, ko gaisuwa bai iya ba. Ya wanke ɗaki, ya manna doka a ƙofa, har Darakta ya kora da ƙwarya a hannu.

Darakta bai yi fushi ba. Da juma'a taz zagayo sai yak kira ni.

"Direba, in an taso masallaci ka kawo min baƙon nan gida ya ci tuwon shinkafa. Bai kamata yaro shi zauna gari ba kowa ba."

Na kai shi. Ƙanwar amarya ce tak kawo ruwan wanke hannu.