Shekarar da Aka Haƙi Farar Ƙasa

Wata Alhamis ce a bazarar 1913, ba a daɗe da fara jin labarin jirgin ƙasa ya iso Kano ba. Ina zaune a zauren gidanmu, a ƙauyenmu da ke tsakanin Gagarawa da Gumel, ina koyon kaɗi wurin kakata, sai wani baƙo ya tsayar da jakinsa ya nemi ruwa. Yayana Habu, wanda gemu ya fara tsiro masa a lokacin, shi ya kawo masa. Baƙon bai sha ba. Idonsa na kan dunƙulen farar ƙasar da Kaka ke dangwalawa a yatsa in za ta murza mazari. Ya ɗauka, ya marmasa, ya shafa a bayan hannunsa, ya daɗe yana kallon yadda fatar ke sheƙi. Ya ce, "Samari, a ina kuke samun wannan?" Yaya Habu ya nuna masa wajen tsohuwar rijiya. Kaka ta ajiye mazarinta, ba ta ƙara kaɗi ba ranar.

Rijiyar nan ta ƙafe tun kafin a haife ni. A can ƙasanta, in an wuce yashi, akwai wata farar ƙasa mai santsi kamar sabulu. Ba mu ɗauke ta a bakin komai ba. Sau ɗaya a shekara wani zai sauka da igiya ya ciko kwando, a raba gida-gida. Da ita mata ke shafe ɗaki in salla ta gabato, da ita yara maza ke goge allunansu su shanya a rana. Mu kuwa 'yan mata, in mun gama surfe mun ɗauro wa awaki harawa, da ita muke zana gidajen 'yar gala-gala a dandali, mu yi ta tsalle da ƙafa ɗaya har a kira mu ɗiban ruwa.

Baƙon ya ce shi yaron wani kantin Turawa ne a Kano. A ƙofar mai gari ya tara magidanta ya faɗa musu cewa Turawa na neman wani farin dutse mai laushi ruwa a jallo, suna sayo shi daga ƙasashe da dama, jirgin ruwa na kwasa. Wai niƙa shi suke yi su sa a takarda da sabulu, har su barbaɗa wa jarirai. In namu ya yi musu, garin nan zai fi masu gyaɗa arziki. Ya cika mangalarsa ya tafi nuna musu, ya ce a yi ta tarawa kafin ya dawo da raƙuma.

Tun daga ranar garin ya canja. Maza suka bar sharar gona suka koma rijiya da dagi da kwanduna. Da ƙasan ya ƙare sai suka fara rarakar gefe, suna bin farar jijiyar nan ta ƙarƙashin yashi, mutum na shiga da rarrafe. Da yamma sukan dawo fari fat tun daga kai har ƙafa, idanu kawai ke motsi. Ƙanena ya taɓa ganin Yaya Habu a haka ya ƙwalla ƙara ya ɓuya bayan rumbu. Kowa ya yi dariya ban da Kaka. Ta ce, "Ban son ganin mai rai da launin likkafani." Sai tari ya shigo gari, busasshen tari da za ka ji yana amsawa daga wannan gida zuwa wancan. Awakinmu da suka saba kwanciya a inuwar gawon bakin rijiyar suka daina zuwa, ko an kora su sai su kewaye.

Ruwa ya sauka sau ɗaya, aka yi shuka, ya ɗauke. Gero ya fito kamar tsawon yatsa ya tsaya, ya murɗe, ya bushe. Hadari kan haɗo daga gabas baƙi ƙirin, mu fito da tukwane, iska ta watsa shi. Baba ya fara leƙa rumbu yana duba abin da ya rage. A lokacin ne masu haƙa suka ƙaru, don ba sauran abin sa rai sai raƙuman baƙon. Tsibin farar ƙasa ya fi dangar gidanmu tsawo. Na tuna Kaka ta riƙe hannun Yaya Habu a bakin zaure ta ce, "Habu, ƙasar nan yashi ce, ba ta riƙe rami." Ya yi murmushi ya ce, "Kaka, saura kaɗan. In raƙuma suka zo, hatsi zan sayo miki har daga Damagaram."

Da hantsi abin ya faru. Inna ta aike ni in kai wa Yaya Habu kunu. Na kusa isa gawon nan sai na ji ƙasa ta yi wani nishi a ƙarƙashin ƙafata, ba ƙara mai ƙarfi ba, kamar an kifar da babban turmi a cikin ɗaki. Farin hayaƙi ya taso daga bakin rijiyar. Mutumin da ke jan igiya ya tsaya da ita a hannu, ta yi sako-sako. Daga nan sai salati. Maza suka yi ta tono da hannu, suna kwashewa yashi na komawa. Sai bayan azahar aka kai gare su, shi da wani ɗan maƙwabcinmu. Ina tsaye da ƙwaryar kunu har lokacin, ba wanda ya tuna ya karɓa, ni ma ban san in ajiye ba. Baba da kansa ya wanke shi, ya ce sai da aka sauya ruwa da yawa kafin fatarsa ta fito.

Baƙon ya dawo a lokacin kaka, kakar da ba a yanki ko zangarniya ba. Shi kaɗai ne da jakinsa. Ya durƙusa ya yi wa Baba ta'aziyya, sa'an nan ya ce Turawa sun gwada, ba irin dutsen da suke nema ba ne. Nasu daga cikin manyan duwatsu ake fasa shi a wasu ƙasashe, namu yumɓu ne kawai. Baba ya ce, "To, Allah ya kiyaye hanya." Yunwa ta shigo sosai bayan nan. Na ga yara na lasar tsibin nan don su ji wani abu a ciki. Kafin rani ya tsaga muka ɗaure kayanmu muka koma wajen dangin Inna, makiyaya a Sule Tankarkar, nonon shanunsu ne ya raya mu.

Yanzu hoda a gwangwani take zuwa, har a teburin mai kayan koli a kasuwar Maigatari. Jikata na barbaɗa wa jaririnta bayan wanka, ɗaki ya cika da ƙamshi, ba ta taɓa tambayar daga wane rami aka fito da ita ba, ko wa ya shiga ramin. Ƙauyenmu ya zama gonaki, an ce ko alamar rijiyar ba a ganewa. Sa'o'in Yaya Habu duk sun tsufa sun mutu da jikoki a gabansu. Shi kaɗai ne har yau saurayi a idona.