Inna Ta Ƙi Ambatar Ɗanta na Fari

Jama'a, yau saura kaɗan in yi jifa da fom ɗin nan in koma gida!

Kun san aikinmu na bi gida-gida muna tambayoyi kan amai da gudawa. Da hantsi na shiga wani gida a bayan kasuwar Gummi. Na tarar da tsohuwa tana tsinke zogale. Muka gaisa.

Na ce, "Inna, akwai mara lafiya a gidan nan?"

Ta ce, "Lahiya lau muke, ɗiyata."

"Ba mai amai?"

Ta ci gaba da tsinke zogalenta. Haka tsofaffin nan suke mana tun safe! Na rubuta "ta ƙi amsawa", na miƙe.

Sai na ji kakarin amai daga ɗaki! Na leƙa. Magidanci ne kwance, idanu sun faɗa, ko hannu ba ya iya ɗagawa!

"Inna, wane ne wannan?"

Ta kau da kai. Sai wata maƙwabciya da ta shigo ta ce, "Ɗanta na hwari ne. Ba ta hwaɗin sunanshi, ba ta zancenshi gaban mutane."

Wallahi raina ya ɓaci! Mutum na mutuwa ana kunya? Na haɗa masa ruwan gishiri da sukari, na kira mota zuwa asibiti.

Ana fita da shi Inna ta riƙo hijabina. Ta ce, "Tun jiya nike roƙon Allah wani ya shigo ya gan shi da kanshi."

Yanzu ku gaya mini, gida nawa na rubuta "ta ƙi amsawa" na wuce?